Agadas: Garin Da Ayari Ya Gina Da Laka

Ko daga Tawa mutum ya fito ko daga Damagaram, in ya doso Agadas abin da idonsa zai fara kamawa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27 ne. Tana da faɗi daga gindi, tana ta tsukewa har ƙoli, ga itatuwa sun leƙo daga jikinta sahu-sahu ta kowace fuska. Babu rodi a cikinta, babu siminti, ƙasa ce zalla da itace. Hukumar UNESCO, wadda ta shigar da tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, ta ce babu wata hasumiyar tubalin laka a duniya da ta kai ta tsawo. Mutanen garin suna danganta gininta ga wani bawan Allah mai suna Zakariya, wajen shekarar 1515, kuma an sake ɗaga ta a 1844.

Baƙi da masu ɗaukar hoto a nan suke tsayawa, su ɗaga kai su yi ta mamaki. Sai dai wanda yake son ya san Agadas da gaske, gara ya sauke kai ya dubi abin da ke gindin hasumiyar: lunguna, zauruka, rumfuna da filayen da aka ci kasuwa a cikinsu shekaru ɗaruruwa. Gari irin wannan, a bakin hamada, inda damina ba ta ciyar da mutum, ba noma ne ya kafa shi ba. Fatauci ne ya tara mutanen, shi ya biya magina ladansu, kuma tarihin garin ya nuna cewa duk lokacin da ciniki ya kauce, ganuwa da gidaje su ma sukan bi shi su zube.

Yadda zango ya zama gari

A farkon ƙarni na 15 ne ƙabilun Abzinawa suka naɗa sarki guda wanda zai riƙa raba musu gardama, ya kuma tsare hanyoyin fatake. Sarautar ta ɗan zauna a wasu wurare cikin duwatsun Abzin kafin Sarki Ilisawan ya dawo da ita Agadas a tsakiyar ƙarnin. Wurin ya dace. Hanyar da ta taso daga Gawo da Tumbutu ta nufi Masar ta nan take bi, haka ma wadda ta gangaro daga Tarabulus ta Gadamas da Gat zuwa Katsina da Kano. Ga kuma ta gabas, wadda ke ratsa hamadar Tenere zuwa ramukan gishirin Faci da Bilma.

Babu wanda ya zauna ya zana garin da igiya da ma'auni. Kowace ƙabila ta sauka inda ta saba kafa tantunanta, da zama ya yi zama sai bukka ta koma ɗaki, shinge ya koma katanga, filin da ke tsakanin wannan zango da wancan ya zama titi ko dandali. Shi ya sa har yau unguwanni 11 na tsohon garin ba su da siffar da za a kira murabba'i, titunan kuma sai su yi faɗi a nan su matse a can, su karkace ba gaira ba dalili a idon baƙo. Dalilin yana nan: iyakar wani ce aka girmama tun shekaru 500 da suka wuce. A cikin unguwannin akwai Katanga, inda fadar Sarkin Abzin take kusa da masallaci, akwai Amarewat da Amdit da Obitara, akwai kuma Unguwar Bayi. Wannan suna na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba. Cikin hajar da ta bi ta Agadas zuwa arewa har da 'yan Adam, kuma wani kaso na arzikin da ya ɗaga waɗannan soraye daga hawayensu ya fito.

Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana Agadas ta farkon ƙarni na 16 a matsayin gari mai ganuwa wanda yawancin mazaunansa fatake ne baƙi. A zamanin ne Askiya Muhammadu na Songhai ya shigar da garin ƙarƙashin ikonsa, ana kai masa haraji mai kauri. Inda kuɗi ya taru, malamai ma sukan taru. Shehu Maghili ya ratsa ƙasar Abzin kafin ya iso Kano da Katsina, Imam Suyuɗi ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha daga Masar, kuma bayan ƙarni uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je Agadas wurin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Gobirawa suna riƙe da tarihin cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu, a birnin Kano akwai unguwar Agadasawa, kuma Hausa ce harshen da ake ciniki da hira da shi a cikin Agadas har gobe.

Gidan falke

Abin da ya fi jan hankalina a ginin Agadas shi ne yadda kowane sashe na gida ke amsa wata buƙata ta rayuwar ɗan kasuwa a ƙasa mai zafi da ƙarancin itace.

A fara da tubalin. Tsohon tubali da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana, a jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a bi da yaɓe. Daga baya ne tubalin da ake bugawa a akwati ya shigo. Ƙasar kuwa a cikin garin ake haƙo ta, ramukan da aka bari su zama kududdufai, kamar dai yadda aka yi a Kano da Zariya. Bango yakan yi kauri sosai a ƙasa ya riƙa raguwa zuwa sama, don ya iya ɗaukar nauyin kansa. Wannan kaurin shi ke shanye zafin rana ya hana shi shiga ɗaki da tsakar rana, ya kuma sake shi a hankali da dare lokacin da sanyin hamada ya sauko. Tagogi ƙanana ne kuma a sama suke, saboda ƙura da ido.

Rufi shi ne babbar matsala. A ƙasar da babu dogayen itatuwa, azara daga goriba ake samun ta, kuma ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki. Don haka ɗakuna suka zama matsattsu, in kuma ana son fili, kamar zauren fada ko cikin masallaci, sai a kafa ginshiƙai masu kauri ko a ɗaure baka a ɗora rufin a kai. Wanda ya shiga babban masallacin zai ga rufin a ƙasa-ƙasa, sahu a matse tsakanin ginshiƙai, ga duhu da sanyi. Itatuwan nan da suka fito daga jikin hasumiya kuwa aiki biyu suke yi: suna ɗaure ginin daga ciki, kuma su ne matakalar magina duk lokacin da za a sabunta yaɓe. Wanda ya gina ta ya san cewa za a yi ta hawa ana gyara ta har abada, sai ya bar wa na baya wurin taka ƙafa.

A ƙofar gida akwai dakali, inda maigida ke zama da yamma. Daga nan sai zaure, wanda a gidan falke shi ne ofis, shi ne masaukin baƙo, shi ne wurin da dillali ke sasanta mai kaya da mai saye ba tare da baƙon ya ga cikin gida ba. Bayan zaure akwai tsakar gida da ɗakunan iyali da na ajiya, inda kantun gishiri, buhunan dabino da ƙunshin turkuɗi ke jiran tashin ayari. Masu hali sukan ɗora bene, a kwana a kan soro lokacin bazara. A saman bango akwai zanko a kusurwoyi, ga indararo da ke watsa ruwan sama nesa da gindin gini. Ado kuwa a bakin ƙofa ake zuba shi, domin ƙofa ce ke gaya wa mai wucewa ko wane ne mai gidan.

Gidan da aka fi kai baƙi su gani shi ne na Sidi Ka, wanda aka fi sani da gidan mai burodi, ginin wajen 1917. Bangon ɗakinsa na sama cike yake da zane mai tudu da aka fitar da laka, da 'yan gurabun ajiye kaya. Har wani fim ɗin Turawa, The Sheltering Sky na 1990, an ɗauki wani sashensa a ciki. Ni dai abin da nake gani a gidan shi ne shaida cewa ɗan kasuwar wancan zamani, in Allah ya buɗa masa, a cikin unguwarsu yake kashe kuɗinsa, kuma maginin garinsu yake kira.

Abin da Abdulkarim ya tarar

Daga ƙarshen ƙarni na 16 al'amura suka fara ja da baya. Sojojin Maroko sun karya Songhai a 1591, zinariya kuma ta riƙa komawa bakin teku inda jiragen Turawa ke jira. A watan Oktoba na 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Agadas ya yi kusan mako uku. Ya ƙiyasta mutanen garin ba su wuce 7,000 ba, ya ga unguwanni sun zama kufai, manyan gidaje sun rufta. Ƙaramin gari ne ke zaune a cikin kangon babba.

Duk da haka kasuwanni suna ci. Ya ga ta kayan miya, ta mahauta, ta raƙuma, da rumfunan da aka kafa bisa itacen goriba ana sayar da takalma, sirdi da sauran aikin dukawa. Ya lura cewa gero ne kusan kuɗin garin, da shi ake auna darajar abubuwa. Ya kuma ga muhimmancin Sarkin Turawa, wato hakimin da ke kula da fataken Larabawa daga arewa, wanda yake karɓar kuɗin fito a kan kaya. Gidan da Barth ya sauka yana nan, an mai da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi.

Abin da ya riƙe garin a wannan zamani na tsaka-mai-wuya shi ne gishiri. Bayan damina madugu yakan ja ayarin raƙuma dubbai, ɗauke da gero, su ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma, tafiyar kilomita ɗaruruwa wadda rijiyoyinta ba su da yawa. A can a musanya gero da kantu da dabino, a juyo, sannan a gangara Damargu da Damagaram har Kano. A dawo da hatsi, da fata, da baƙin turkuɗin Kura mai ƙyalli wanda Ba'abzine ke naɗawa a kansa. Marinin Kura da maginin Agadas, ko ba su taɓa haɗuwa ba, ayari ɗaya ne ke ciyar da su.

Sai aka shiga ƙarni na 20 da masifu a jere. Faransawa suka mamaye garin a farkon ƙarnin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da sai sun yi watanni a bayan raƙumi daga Tarabulus suka koma shigowa ta Ikko cikin kwanaki. A shekarar ce kuma Italiya ta afka wa Libiya. A watan Disamba na 1916 wani jagoran Abzinawa mai suna Kawsan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa da ke Agadas ƙawanya, har zuwa farkon Maris na 1917 lokacin da dakaru daga Damagaram suka iso. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutanen gari da yawa, har da malamai, jama'a suka watse, dabbobi suka salwanta. Kawsan ya mutu a ƙasar Fezzan a 1919, Tagama kuma a kurkukun Damagaram a 1920. Babban gidan da aka gina wa Kawsan daura da masallaci shi ne daga baya ya zama otal, Hôtel de l'Aïr, inda baƙi ke hawa soro su kalli hasumiya.

Akwai wani abu mai ɗaci a nan. Talaucin da ya biyo bayan 1917 yana cikin abin da ya tsare tsohon garin. Da babu kuɗin rushewa a sake sabo, sai aka yi ta lallaɓa na da.

Sabon kuɗi, sabon gari

Farfaɗowar Agadas daga ƙarƙashin ƙasa ta zo. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa can, manyan motoci suka karɓe yawancin aikin raƙuma. Fari na shekarun 1970 da na 1980 ya koro makiyaya da dama zuwa gefen gari. Sai kuma 'yan yawon buɗe ido: a shekarun 1980 tseren motocin Paris-Dakar yana yada zango a Agadas, jirage suna sauke Turawa, kamfanonin kai baƙi hamada suna buɗewa, cikinsu har da na Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa yanzu. Maƙeran azurfa masu ƙera shahararren kuros ɗin Agadas, da dukawa, da masu sayar da kayan tarihi, duk suka buɗe shaguna a kewayen masallaci. Wannan shi ne karo na ƙarshe da kuɗin waje ya shiga tsakiyar tsohon gari kai tsaye.

Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya katse wannan, na 2007 zuwa 2009 ya ƙara, satar ma'aikata 'yan ƙasashen waje a Arlit a 2010 ta rufe ƙofar. Abin tausayi, a watan Mayu na 2013 aka kai harin bam barikin sojan Agadas, wata guda kafin UNESCO ta karrama garin. Karramawar ta zo, baƙin da za su zo gani ba su zo ba.

Kuɗi dai bai daina shigowa ba, hanya ya sake. A 2014 aka gano zinariya a Jado, matasa suka yi ta kwarara. Jigilar matafiya zuwa Libiya ta zama babbar sana'a, motoci ƙirar Hilux suna tashi a jere duk ranar Litinin, masu masauki, masu sayar da jarkoki da rawuna da masu canjin kuɗi duk suna samu. Dokar 2015 ta haramta harkar, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, sannan gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun haura 110,000, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin.

Sai dai wannan arziki a tasha yake, da babbar kasuwa, da kasuwar dabbobi, da sababbin unguwannin da suka bazu a bayan gari. Wanda ya samu yau, fili yake saya a waje ya yi ginin bulo da rufin kwano, ya sa na'urar sanyaya ɗaki ya yi ta faɗa da zafin da kakansa ya magance da kaurin bango. Tsofaffin dandali irin su Tamallakoy, inda kasuwar da take, sun koma wurin ƙananan saye da sayarwa na unguwa. A kan manyan titunan da suka ratsa tsohon garin kuwa, abubuwan da UNESCO ta yi kuka da su tun 2013 suna nan a fili: shagunan bulo, kwano, wayoyin lantarki da suka yi saƙa a sama, da manyan tallace-tallace da aka shafa wa bango da fenti.

Ban ga laifin mai shago da ke son ƙofar ƙarfe don tsare dukiyarsa ba, kuma ba daidai ba ne wanda ke kwana a gidan siminti a Yamai ko Kano ya ce dole talakan Agadas ya zauna cikin ɗaki mai yoyo don a samu abin ɗauka a hoto. Gidan ƙasa yana son hannu duk shekara, kuma hannu kuɗi ne. Yawancin gidajen nan na gado ne, magada sun yi yawa, wasu suna Arlit wasu suna Libiya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, azara ta ruɓe, shi ke nan. Wani kuma da kyakkyawar niyya sai ya shafe bangon laka da siminti, bai san cewa ya kulle danshi a ciki ba ne, bango ya riƙa cin kansa a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Ruwan famfo da na wanka da ke bin lungu ba magudana shi ma yana cin gindin katanga a hankali.

Ga shi kuma ruwan sama ya canza hali. A farkon Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta shiga gari ta rushe gidaje masu yawa. Daminar 2024 ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, kuma a Satumbar shekarar ce tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rufta. Wanda ya ga hotunan wannan rana ya san cewa gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta.

Mu a kudu mun san yadda irin wannan asara take. Ganuwar Kano ta koma guntaye tsakanin gidaje da shaguna, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina yana lulluɓe cikin ginin zamani, hasumiyar Gobarau ta Katsina tana tsaye ita kaɗai, unguwar da ke kewaye da ita ta sauya kama. Abin da Agadas ke da shi wanda ya yi wuya a wani wuri shi ne gari sukutum: fada, masallaci, gidajen fatake, lunguna da dandali, duk a wurinsu, da mutane a ciki, da sarki wanda har yanzu ake jin maganarsa, da bikin Bianu da ke cika titunan duk watan Muharram.

A ganina takardar UNESCO ba za ta riƙe bango ko ɗaya ba in babu mai cin abinci a cikin ginin. Gidan da ake ciniki a zaurensa, mai shi ba ya jiran wata ƙungiya daga Turai kafin ya yi yaɓe. Don haka maganin yana wurin mayar da sana'a cikin tsohon gari, ba tare da jiran dawowar 'yan yawon buɗe ido ba. Hukumar gari tana iya sauƙaƙa haraji ga maƙeri, baduku, tela ko mai sayar da dabino da ya kama tsohon gida ya gyara shi da ƙasa. Ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyin da suka cika garin suna iya kama haya a can maimakon bayan gari. A yi magudanun ruwa kafin a yi maganar fenti. A kuma ba tsofaffin magina almajirai da albashi, domin ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama, ko an samu kuɗin gyara babu mai hawa hasumiyar.

Kira na musamman ga attajiran Agadas na yau, masu zinariya da masu motoci, da jikokin Agadasawa da ke Kano, Katsina, Sakkwato da Damagaram: kowannenku yana da gidan kaka a Katanga ko Amarewat ko Obitara, ko ya san wanda ke da shi. Ku tara magada, ku je gaban mai martaba Sarkin Abzin a sasanta rabon, ku kira magini ya duba azara da indararo tun rani bai ƙare ba.